Yadda Ake Sa Ramukan LAN Biyu Ko Fiye Su Yi Aiki A Kwamfutar Gida

Wanda ya leƙa bayan kwamfutar tebur ya ga ramukan kebul ɗin netwok guda biyu a jere, yakan ɗauka cewa da zarar ya soka kebul a kowannensu gudun intanet ɗinsa zai ninka. Ba haka abin yake ba. Sau da yawa ma abin da ke faruwa shi ne rami ɗaya ya yi aiki, ɗayan kuma ya yi shiru kamar babu shi, ko kuma duka biyun su kama wuta amma intanet ta riƙa yankewa ba tare da wani dalili da ake gani ba. Asalin lamarin shi ne kowane rami yana da nasa ɗan cip ɗin a kan babban allon kwamfutar, da nasa direban, wato 'yar manhajar da ke sarrafa shi, da nasa adireshin MAC, wato lambar shaidarsa a netwok, mai tsawon bit 48, saboda haka babbar manhajar kwamfuta tana kallonsu a matsayin na'urori biyu da babu abin da ya haɗa su. Kai ne za ka gaya mata aikin da kowanne zai yi. Matakan da ke biye sun fara ne daga allon kwamfutar suka hau zuwa saitin adireshi, kuma ya kamata a bi su a wannan jeri, domin babu amfanin gyara adireshi a ramin da kwamfutar ba ta ma san da zamansa ba.

Mataki na farko: gane abin da ke kan allon

Ka nemi sunan babban allon da lambar samfurinsa. A Windows, danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta msinfo32, za ka ga sunan kamfanin da lambar a layukan da suka fara da BaseBoard. A Linux, umarnin sudo dmidecode -t baseboard zai nuna su. Da wannan lamba za ka samo littafin allon a shafin kamfanin da ya ƙera shi, inda aka rubuta irin cip ɗin da ke bayan kowane rami.

Yana da kyau ka san cewa masu ƙera allo sukan haɗa cip biyu daga kamfanoni daban. Za ka iya tarar da Intel I219-V ko I211 mai gudun gigabit 1 a rami ɗaya, da Realtek RTL8125 mai gudun gigabit 2.5 a ɗayan. A alluna masu tsada kuma akan sami Intel I225-V ko I226-V tare da cip ɗin Aquantia, wanda yanzu yake hannun kamfanin Marvell, mai gudun gigabit 10. Wannan ne babban dalilin da ya sa rami ɗaya yake aiki ɗayan ya ƙi: Windows ta zo da direban ɗaya a cikinta, na ɗayan kuwa sai an sa shi da hannu.

Idan allon na saba ne, wato kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima, da aka mayar kwamfutar gida, ka duba ko ɗaya daga cikin ramukan an rubuta masa IPMI ko MGMT. Wannan rami na sarrafa na'urar daga nesa ne, yana ƙarƙashin wani cip mai zaman kansa, kuma idan keɓaɓɓe ne ba zai taɓa bayyana a Windows ko Linux a matsayin katin netwok ba. Mutane da dama sun ɓata yini guda suna neman direbansa.

Mataki na biyu: kunna ramukan a BIOS

Sake kunna kwamfutar, ka riƙa danna Del ko F2 tun kafin tambarin kamfanin ya ɓace. Idan ka shiga BIOS, wato shafin saitin allon, koma yanayin saiti na ƙwararru, ka nemi sashen na'urorin da ke kan allo. Sunansa ya danganta da kamfani: wasu suna kiransa Onboard Devices Configuration, wasu Integrated Peripherals, wasu kuma sun sa shi ƙarƙashin IO Ports. A nan za ka ga layi ɗaya ga kowane rami, kamar Intel LAN Controller da Realtek LAN Controller, ko LAN1 da LAN2. Tabbatar duka suna kan Enabled, ka adana da F10, ka fita. Kada ka rikita waɗannan da layukan PXE ko Network Stack. Waɗancan na tayar da kwamfuta ta hanyar netwok ne, kashe su ba ya hana ramin aiki bayan babbar manhajar ta tashi.

Akwai wata dabara da ta dace a gwada tun a nan idan an kunna ramin amma har yanzu bai bayyana ba. Cip ɗin netwok ba ya mutuwa gaba ɗaya idan an kashe kwamfuta, domin akwatin wuta yana ci gaba da ba shi ɗan lantarki na volt 5 saboda ya iya tayar da kwamfutar idan an aiko masa da saƙon farkawa. Idan cip ɗin ya maƙale a wani hali mara kyau, sake kunna kwamfutar ba zai warware shi ba. Sai ka kashe ta, ka zare wayar wuta daga bango, ka danne maɓallin kunnawa na kusan daƙiƙa 30 don ragowar lantarkin ya tsiyaye, sannan ka mayar da wayar ka kunna.

Mataki na uku: direba

A Windows, danna dama a kan maɓallin Start ka buɗe Device Manager. Ƙarƙashin Network adapters ya kamata ka ga suna ɗaya ga kowane rami. Idan ka ga guda ɗaya kawai, duba sashen Other devices. Galibi za ka tarar da wani abu mai suna Ethernet Controller da alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa a kansa. Wannan albishir ne, domin yana nufin allon ya ga cip ɗin, direba kawai ya rage.

Don ka san wane direba za ka nema ba tare da kame-kame ba, buɗe Properties na wannan na'ura, ka shiga Details, ka zaɓi Hardware Ids. Za ka ga rubutu mai ɗauke da VEN da DEV. Lambar da ke bin VEN ita ce ta kamfanin: 8086 ta Intel ce, 10EC ta Realtek, 1D6A kuma ta Aquantia. Wadda ke bin DEV ita ce ta samfurin, misali 8125 ga RTL8125, 8168 ga dangin RTL8111, 15F3 ga I225-V, 125C ga I226-V. Sauke direban daga shafin mai allon ko daga shafin mai cip ɗin kansa. A ganina na mai cip ɗin ya fi, saboda masu allo sukan daina sabunta shafukansu bayan shekara biyu ko uku, amma ko wanne ka ɗauka ya fi manhajojin nan da ke alƙawarin nemo maka dukkan direbobi da dannawa ɗaya, waɗanda sukan shigo da tarkacen da ba ka nema ba. Idan babu ramin da ke aiki ko ɗaya, sauke direban a wata kwamfutar ka kawo shi a filas, ko ka jona wayarka da kebul ɗin USB ka ari intanet ɗinta na ɗan lokaci.

A Linux direbobin suna cikin kanel, wato zuciyar manhajar, saboda haka tambayar ita ce ko kanel ɗinka ya kai shekarun sanin cip ɗin. Rubuta lspci -nnk ka nemi layukan Ethernet controller. Ƙarƙashin kowanne ya kamata a sami layin Kernel driver in use. Direban I219 shi ne e1000e, na I210 da I211 shi ne igb, na I225 da I226 shi ne igc, na Realtek shi ne r8169, na Aquantia kuma atlantic. Idan wannan layi babu shi, ko dai kanel ɗin ya tsufa ko kuma direban ya gwada tashi ya kasa, kuma umarnin sudo dmesg zai nuna maka ƙorafin da ya yi. Misali, RTL8125B bai samu shiga r8169 ba sai a kanel 5.9, saboda haka duk wanda ya sa tsohon Linux a sabon allo zai ga ramin gigabit 2.5 a mace. Maganin shi ne ɗaga kanel. A Debian kuma ana iya buƙatar kunshin firmware-realtek, kodayake daga Debian 12 na shekarar 2023 faifan girkawa yana zuwa da irin waɗannan fayiloli.

Mataki na huɗu: kebul da fitilu, da sanin wane rami ne wane

Ɗauki kebul guda ɗaya da ka tabbatar yana aiki, ka gwada shi a kowane rami bi da bi, yana jone da rauta, wato akwatin da ke raba intanet a gida. Da kebul ɗaya ake gwaji don kada laifin kebul ya hau kan rami. Fitilar ramin za ta kama cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Launinta yana nuna gudun da aka daidaita a kai, amma ma'anar launukan ta bambanta daga allo zuwa allo, don haka ka dogara da abin da manhaja ta faɗa: Get-NetAdapter a PowerShell, tagar rubuta umarni ta Windows, yana nuna gudun a ƙarƙashin LinkSpeed, a Linux kuma ethtool tare da sunan ramin.

Idan ramin gigabit ya tsaya a megabit 100, kusan kullum kebul ne. A cikin kebul akwai siraran wayoyi takwas da aka murɗe biyu-biyu. Gudun megabit 100 yana amfani da huɗu kawai, gigabit kuwa sai duka takwas ɗin sun haɗu, don haka waya ɗaya da ta tsinke ko ba ta matsu da kyau a kan kebul ɗin ba ta isa ta sauko da gudun. Kebul na Cat5e yana ɗaukar gigabit 1 da gigabit 2.5 har tsawon mita 100. Gigabit 10 yana son Cat6a a wannan tsawon, ko Cat6 idan bai wuce kimanin mita 55 ba. Ka kuma tuna cewa gudun yana daidaita ne a kan na wanda ya fi rauni: ramin gigabit 2.5 da aka jona da rauta mai gigabit 1 zai yi gigabit 1 ne.

Yayin wannan gwaji ka raɗa wa ramukan suna. A Windows rubuta ncpa.cpl, za ka ga Ethernet da Ethernet 2. Wanda jan gicciye ya bar kansa lokacin da ka soka kebul shi ne wanda kake riƙe da shi. Danna F2 ka canza sunan zuwa abin da zai tuna maka aikinsa, kamar Rauta da Ajiya. A Linux sunayen sukan zama eno1 ko enp3s0, waɗanda ake samowa daga mazaunin cip ɗin a kan allo. Umarnin sudo ethtool -p enp3s0 10 yana sa fitilar ramin ta yi ta ƙyaftawa na daƙiƙa 10 idan direban ya yarda da hakan. Abin lura a nan shi ne ƙara katin hoto ko faifan NVMe yana iya sauya lambobin, enp3s0 ya koma enp4s0, saitin da ka yi wa tsohon sunan kuma ya daina aiki.

Mataki na biyar: yanke shawarar aikin kowane rami

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a jona ramukan biyu da rauta ɗaya a bar su haka. Kowanne zai karɓi nasa adireshin daga rautar, misali 192.168.1.20 da 192.168.1.21, kowanne kuma zai karɓi ƙofar fita iri ɗaya, wato Default gateway, adireshin rautar da ake bi zuwa intanet. Kwamfutar ba ta raba kaya tsakaninsu. Tana duba teburin hanyoyinta ta zaɓi wadda lambar fifikonta ta fi ƙanƙanta, ta tura kusan komai ta nan. A Linux abin ya fi haka rikici, domin a saitinsa na asali kowane rami yana iya amsa tambayar ARP, wato tambayar wa ke riƙe da adireshi kaza, da aka yi game da adireshin ɗan'uwansa, sai sauran na'urorin gidan su riƙa aika saƙon adireshi ɗaya ta ramin ɗayan. Komai zai yi kamar yana lafiya har ranar da aka zare kebul ɗaya, adireshin da ake zaton yana ɗaya ramin ya ɓace tare da shi.

Ƙa'idar da za ta raba ka da yawancin wannan wahala guda biyu ce. Kowane rami ya zauna a nasa rukunin adireshi, kuma rami ɗaya tak ne zai riƙe ƙofar fita zuwa intanet. Ana kauce wa wannan ƙa'ida ne kawai idan an ɗaure ramukan sun zama abu ɗaya, ko kuma ana da layukan intanet biyu da gaske.

Amfani mafi sauƙi: layi na kai tsaye zuwa wata na'ura

Wannan shi ne aikin da rami na biyu ya fi dacewa da shi a gida. A ce kana da akwatin ajiyar fayiloli na NAS ko wata kwamfutar mai ramin gigabit 2.5, rautarka kuwa gigabit 1 ce. Ka bar rami na farko jone da rauta yana karɓar adireshi da kansa, ka ja kebul daga rami na biyu kai tsaye zuwa akwatin. Kebul na yau da kullum ya isa, domin ramukan gigabit suna gane junansu su juya wayoyin da kansu. Zamanin neman kebul mai gicciye ya wuce.

Tunda babu rauta a wannan layi, babu mai raba adireshi, kuma idan ka bar shi haka Windows za ta ba kanta adireshi mai farawa da 169.254. Gara ka sa da hannu. Zaɓi rukunin da bai yi karo da na rautarka ba daga cikin waɗanda aka keɓe don amfanin cikin gida, wato masu farawa da 10, ko 172.16 zuwa 172.31, ko 192.168. Idan rautar tana kan 192.168.1, ba wa kwamfutar 10.10.10.1, akwatin kuma 10.10.10.2, dukansu da abin rufe rukuni, wato Subnet mask, 255.255.255.0. A Windows ana yin wannan a ncpa.cpl: danna dama a kan ramin, Properties, sannan Internet Protocol Version 4, ka cike adireshin da abin rufewar, ka bar gurbin Default gateway da na DNS fayau babu komai. A Linux mai NetworkManager, manhajar kula da saitin netwok, umarni ɗaya ya wadatar:

nmcli con add type ethernet ifname enp4s0 con-name ajiya ipv4.method manual ipv4.addresses 10.10.10.1/24 ipv4.never-default yes

Wani abu yakan biyo baya a Windows. Saboda layin ba shi da ƙofar fita, tana kiransa Unidentified network ta sa shi a ajin netwok na jama'a, katangar tsaronta kuma ta toshe raba fayiloli da amsa ping, wato saƙon gwada ko na'ura tana kan layi. Buɗe PowerShell a matsayin mai iko ka rubuta Set-NetConnectionProfile -InterfaceAlias "Ajiya" -NetworkCategory Private. Wannan saiti yakan koma yadda yake bayan an sake kunna kwamfuta, don haka idan raba fayil ya tsaya wata rana, nan za ka fara dubawa. Sannan idan akwatin yana jone da rautar ma ta wani raminsa, ka riƙa kiransa da adireshin 10.10.10.2, domin idan ka kira shi da suna kwamfutar tana iya bi ta tsohuwar hanya mai jinkiri.

Game da manyan ƙunshin bayanai da ake kira jumbo, masu girman bait 9000 maimakon 1500 na asali: a layin kai tsaye suna ɗan rage wa kwamfuta aiki, amma dole ɓangarorin biyu su yarda da girman, in ba haka ba ƙananan saƙonni su wuce manya su maƙale. A gudun gigabit 2.5 ribar ba ta kai haɗarin ba, ni dai ina barin su a kashe.

Layukan intanet biyu

Idan rami na farko yana kan rauta ɗaya, na biyu kuma a kan wata mai layin intanet daban, to a nan kowanne zai riƙe ƙofar fitarsa, sai ka nuna wa kwamfutar wadda za ta fifita. Da farko tabbatar rautocin biyu ba a rukuni ɗaya suke ba. Idan duka suna 192.168.1.1, shiga shafin saitin ɗaya ka mayar da ita 192.168.2.1. Daga nan, a PowerShell, Get-NetIPInterface zai nuna lambar fifikon kowane rami. Ba wa babban layin ƙaramar lamba da Set-NetIPInterface -InterfaceAlias "Rauta" -InterfaceMetric 10, na ko-ta-kwana kuma 50. A Linux ana yin haka da nmcli con mod tare da ipv4.route-metric. Iyakar wannan tsari ita ce kwamfutar tana komawa layi na biyu nan take idan kebul na farko ya fita ko rautarsa ta mutu, amma idan rautar tana kunne intanet ɗin ce ta yanke daga kamfani, Linux zai iya ci gaba da tura kaya ƙofar da ba ta kai ko'ina. Wanda yake son sauyawa mai tabbas a irin wannan hali, rauta mai karɓar layi biyu ita ce ta dace da aikin.

Ɗaure ramuka biyu su zama ɗaya

Ga wanda ya zo neman ninkin gudu, ga gaskiyar lamarin. Akwai ƙa'idar haɗa layuka da aka fitar a shekarar 2000 da sunan IEEE 802.3ad, aka mayar da ita 802.1AX a 2008, wadda aka fi sani da LACP. Tana buƙatar suwic, wato akwatin da ke haɗa kebul na na'urori da yawa, mai shafin saiti wanda ya san ƙa'idar. Ƙaramin suwic maras saiti da yawancin rautocin gida ba su iya ta. Ko an same shi ma, ƙa'idar tana ɗora kowace hira tsakanin na'urori biyu a kan layi ɗaya ne don kada ƙunshin bayanai su iso a hargitse. Ma'ana, kwafar babban fayil ɗaya ba za ta wuce gudun rami ɗaya ba. Ribar tana fitowa ne idan na'urori da yawa suna jan kaya daga kwamfutar lokaci guda. Gudun intanet kuwa, abin da kamfani ya ba ka shi ne iyakarsa, ramuka nawa ne ka jona.

A Linux ɗaurewar tana cikin kanel, da yanayi bakwai daga 0 zuwa 6. Wanda ya fi amfani a gida shi ne active-backup, inda rami ɗaya ke aiki ɗayan yana jira, kuma yana tafiya da kowane irin suwic:

nmcli con add type bond con-name bond0 ifname bond0 bond.options "mode=active-backup,miimon=100"

nmcli con add type ethernet slave-type bond con-name rami1 ifname enp3s0 master bond0

Sai a maimaita umarni na biyu ga ɗaya ramin da wani sunan. Lambar 100 tana nufin a duba lafiyar layin duk bayan miliseken 100. Adireshin yana zama a kan bond0, ramukan kansu ba sa riƙe komai, kuma ka goge tsofaffin saitunansu don kada su riga ɗaurin tashi. Idan suwic ɗinka ya san LACP, canza yanayin zuwa 802.3ad bayan ka saita ramukan suwic ɗin su ma.

A Windows labarin ya sha bamban. Microsoft ta sa ɗaure ramuka a Windows Server tun daga bugun 2012, amma ba ta ba Windows 10 da 11 na gida ba, kuma kayan aikin Intel da a da ake yin wannan da shi ba ya aiki a Windows 11. Abin da ya rage, wanda kuma a wajen kwafar fayiloli ya fi ɗaurewar amfani, shi ne SMB Multichannel da ya zo tare da Windows 8. Idan kwamfutarka da akwatin ajiya kowanne yana da ramuka biyu masu gudu ɗaya, wannan tsari yana raba fayil guda a kan layukan biyu ba tare da suwic na musamman ba. A Windows a kunne yake tun asali, a Samba kuma, manhajar raba fayiloli ta Linux, daga bugun 4.15, wasu akwatunan NAS ne ke buƙatar a kunna shi a saitinsu. Ana ganin ko yana aiki da Get-SmbMultichannelConnection yayin da ake kwafa.

Miƙa intanet ga wata na'ura ta rami na biyu

Hanyoyi biyu ne. Ta farko ita ce rabawa: a Properties na ramin da ke da intanet, shiga Sharing ka ba da izini, Windows za ta ba rami na biyu adireshin 192.168.137.1 ta riƙa raba wa duk abin da aka jona adireshi. A NetworkManager ana sa ipv4.method shared, rukunin kuma yakan fara da 10.42. Ta biyu ita ce gada: zaɓi ramukan biyu tare a ncpa.cpl, danna dama, Bridge Connections, sai kwamfutar ta zama kamar ƙaramin suwic, na'urar da ke bayanta ta karɓi adireshi daga rautar kanta. A duka biyun, kashe kwamfutar yana yanke wa waccan na'urar intanet.

Gada tana da haɗari guda da ya wajaba a kiyaye. Kada ka taɓa jona ramuka biyu da ke cikin gada ɗaya da suwic ko rauta ɗaya. Yin haka yana iya ƙulla zobe, saƙonnin da ake watsa wa kowa su yi ta zagaye suna ninkuwa har netwok ɗin gidan gaba ɗaya ya durƙushe cikin daƙiƙoƙi. Idan ka ga dukkan fitilun suwic suna ƙyaftawa tare babu tsayawa bayan ka soka kebul, zare shi nan take.

Gwaji, da maganin yankewa

Bayan saiti, duba teburin hanyoyi da route print a Windows ko ip route a Linux. Layin 0.0.0.0, ko default a Linux, ya kamata ya zama ɗaya, sai dai idan da gangan ka sa biyu masu lambar fifiko daban. Gwada kowane rami shi kaɗai da ping -S tare da adireshinsa a Windows, ko ping -I tare da sunansa a Linux. Don auna gudu na gaskiya kada ka dogara da kwafar fayil, saboda faifai yana iya zama shi ne mai jan ƙafa. Sa iperf3 -s a na'ura ɗaya, iperf3 -c 10.10.10.2 a ɗayar. Layin gigabit mai lafiya yana ba da kusan megabit 940, na gigabit 2.5 kuma kusan 2,350, ragowar tana tafiya ne a kan bayanan da ke rakiyar kowane ƙunshi.

Idan ramin yana aiki amma yana yankewa na daƙiƙoƙi yana dawowa, ka fara zargin tsimin wuta. A Device Manager buɗe Properties na ramin, a Power Management cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe na'urar, a Advanced kuma kashe Energy Efficient Ethernet, da Green Ethernet idan Realtek ne. An san I226-V da yankewa saboda wannan tsimi, bugun farko na I225-V kuma yana da aibi a cip ɗin kansa wanda ke sa shi zubar da bayanai a gudun gigabit 2.5 tare da wasu suwic; sabon direba da sabunta BIOS suna taimakawa, idan kuma abin ya ƙi, a Speed & Duplex ka tsayar da shi a gigabit 1. A Linux ana kashe tsimin da sudo ethtool --set-eee enp3s0 eee off, sai dai saitin yana gogewa idan an sake kunna kwamfuta, don haka a sa shi cikin abubuwan da ke gudana lokacin tashi.

Ga masu Windows da Linux a kwamfuta ɗaya, akwai matsalar ramin da ke ɓacewa a Linux duk lokacin da aka fito daga Windows. Sanadinta galibi Fast Startup ne, wanda tun Windows 8 yake sa kashe kwamfuta ya zama rabin barci, ya bar cip ɗin a halin da ɗaya manhajar ba ta iya tashinsa. Shiga Control Panel, Power Options, Choose what the power buttons do, ka cire alamar Turn on fast startup, sannan ka zare wayar wuta sau ɗaya kamar yadda aka bayyana a mataki na biyu. Idan bayan duk wannan ramin bai fito a Device Manager ko lspci ba, ko kuma fitilarsa ba ta kamawa da kebul ɗin da ke aiki a ɗaya ramin, mai yiwuwa cip ɗin ya ƙone, abin da tsawa kan jawo ta hanyar kebul. A wannan hali kashe shi a BIOS, ka sa katin netwok na PCIe a ɗaya daga cikin ƙananan guraben allon, ka koma mataki na uku ka sa masa direba.